Uwargida, Ga Yadda Za Ki Koya Wa Yaronki Karanta Doguwar Kalmar Turanci

Idan kina da yaro ko yarinya daga aji huɗu na firamare zuwa sama, yau da dare ki sa shi ya ɗauko littafin Turancinsa ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi, ke kuma ki kasa kunne. Gajerun kalmomi zai wuce su ba gargada. Amma da zarar ya ci karo da mai haruffa goma sha wani abu, ɗayan uku za ki ji: ko ya tsaya cak, ko ya tauna farkonta ya haɗiye sauran, ko kuma ya tsallake ta kamar bai gan ta ba. Na ukun nan ya fi illa, domin wanda ba ya kallon shafin ba zai san an yi tsallake ba.

Da yawa daga cikin dogayen kalmomin nan masu ƙarewa ne da "ly". A nahawu ana kiran irinsu bayanau, wato kalmar da ke faɗin yadda aka yi aiki, kamar yadda muke cewa "da sauri", "a hankali" ko "da gangan". Dubi waɗannan jimloli biyu: "He broke the pot accidentally" da "He broke the pot deliberately". Ta farko tana cewa bisa tsautsayi ya fasa tukunyar, ta biyu tana cewa da gangan ya fasa ta. Yaron da ya tsallake kalmar ƙarshe ya san tukunya ta fashe, amma bai san ko akwai mai laifi ba. Idan a jarrabawa ne, tambayar kuwa a nan za ta tsaya.

Me ya sa abin ya shafe ki?

Babu mai shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ba tare da kiredit biyar ba, kuma dole Turanci ya kasance a ciki. A jarrabawar WAEC, Turanci yana da takarda ta uku da ta keɓanta da furuci: tambayoyi 60 cikin minti 45, duk a rubuce ake amsawa. A ciki akwai sashen da ake kawo doguwar kalma sau huɗu, kowane karo an rubuta wata gaɓa daban da manyan haruffa, a ce wa ɗalibi ya zaɓi wadda ake ƙarfafawa. NECO da JAMB ma suna yin irin wannan tambaya.

Ga kuma sauyin da aka samu a manufar ilimi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da yara da harshen gida har ƙarshen firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, aka koma kan Turanci. Kowane ra'ayi kike da shi a kan wannan, littattafan kimiyya da lissafi da yaronki zai riƙa gani cike suke da dogayen kalmomi. A yankinmu na Wurno, Rabah da Goronyo kuma, matsalar tsaro ta sa iyalai da dama sun bar ƙauyukansu, yara sun rasa makonni ko watanni na karatu. Giɓin da hakan ya bari ba duka malamin aji zai iya cikewa ba. Wani ɓangare a tsakar gida za a cike shi.

Kada ki ce ai ke ba ki yi nisa a boko ba. Abin da ake bukata a farko kina da shi tun kina goye.

Abin da yaron ya riga ya iya

Ki ce masa ya faɗi sunan garinsu yana tafi. Wur-no, tafi biyu. Ra-bah, biyu. Go-ron-yo, uku. Sak-kwa-to, uku. Ku koma kan abin da ake nomawa a fadamun Rima: al-ba-sa, shin-ka-fa, ta-far-nu-wa. Kowane tafi gaɓa ɗaya ce. Yaron da ya yi makarantar allo ya san wannan aiki tun daga babbaƙu da farfaru, inda ake ɗora wa baƙi wasali a furta shi. Haka nan littattafan "Mu Karanta!" da aka yi amfani da su a makarantun firamare na jihohin Sakkwato da Bauchi, a kan gaɓa suka gina koyon karatun Hausa.

Yanzu ki rubuta masa "shugabanninmu". Zai karanta ta bai ko numfasa ba: shu-ga-ban-nin-mu. Gaɓoɓi biyar ne. Ki nuna masa cewa kalmar haɗe-haɗe ce: akwai "shugaba", an mayar da shi jam'i ya zama "shugabanni", sannan aka liƙa "nmu" don a nuna namu ne. Tsawonta a takarda daidai yake da na kalmar Turancin da za mu ɗauka yanzu, ita ma gaɓoɓinta biyar. Ke nan tsawo ba shi ne matsalar ba. Yaron bai san inda zai sa wuƙa ba ne kawai.

Sai dai akwai wuri biyu da Hausa da Turanci suka raba hanya, kuma yana da kyau ki san su.

Na farko, gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, kamar "ta", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "kai", sai baƙi da wasali da wani baƙi, kamar "shin". Hausa ba ta fara gaɓa da cunkoson baƙaƙe. Shi ya sa da muka aro kalmomin Turanci muka zuba musu wasula: "bread" ya koma burodi, "brake" ya koma birki, "driver" ya koma direba, "primary" ta koma firamare. Wannan ba kuskure ba ne, harshe ne ya yi wa baƙo ɗinki daidai jikinsa. Amma idan yaro zai karanta Turanci, wannan sabo yana sa ya ƙara gaɓar da babu ita.

Na biyu, rubutun Hausa yana bin baki: kowane wasali da ka gani, ka furta shi. Turanci kuwa yana rubuta haruffan da ba a furtawa.

Mu feɗe kalma ɗaya

Kalmarmu ita ce "unfortunately". Ma'anarta "cikin rashin sa'a", ko abin da muke nufi idan muka ce "abin takaici" ko "sai dai kash". Haruffanta 13. Kafin a furta ta, a fara kwance ta, kamar yadda ake kwance ƙullin kaya.

Ki sa yaron ya rufe haruffa biyu na ƙarshe da yatsa. Wannan "ly" ɗin ɗafa-ƙeya ne, wato abin da ake liƙa wa kalma a baya. Aikinsa ya mayar da sifa ta zama bayanau. Abin da ya rage shi ne "unfortunate", maras sa'a.

Ya rufe haruffa biyu na farko. Wannan "un" ɗin ɗafa-goshi ne, aikinsa kore ma'ana, kamar yadda "rashin" ko "maras" suke yi a Hausa. Saura "fortunate", mai sa'a.

Ya sake cire "ate" na ƙarshe, ya mayar da "e". Ga saiwar ta fito: "fortune", wato sa'a ko arziki.

Ashe guda huɗu ne aka jera: un, fortune, ate, ly. Kowanne da tarihinsa. Saiwar daga Latin ta fito, inda "fortuna" ke nufin sa'a, ta biyo ta harshen Faransanci ta shiga Turanci. "Ate" ma ɗan Latin ne. "Un" da "ly" kuwa 'yan gida ne, tun tsohon Turanci suke nan. Wato Turanci ma aro yake yi ya ɗinka, kamar yadda muka ari "asibiti" muka yi masa jam'in Hausa muka ce asibitoci.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare ki. Daga "noma" muke samun manomi da manoma. Daga "karanta" muke samun makaranta da makaranci. Daga Sakkwato muke samun Basakkwace, Sakkwatawa da Sakkwatanci. Ki fara nuna wa yaron waɗannan, sannan ki ce masa Bature ma haka yake yi da nasa.

Yanzu sai gaɓoɓin furuci: un-for-tu-nate-ly. Biyar ne. Idan yaron ya ƙirga wasulan da ke rubuce zai samu shida, har da "y" na ƙarshe. Dalilin bambancin shi ne "e" ɗin da ke cikin "nate" ba a furta shi. Ki lura kuma rabon ma'ana daban, rabon furuci daban: ma'ana ta ba mu guda huɗu, baki ya ba mu biyar, saboda saiwar kanta gaɓa biyu ce.

Idan za mu kwatanta furucin da haruffan Hausa, ya yi kusa da haka: an-FOO-ca-nat-li. Abubuwa uku ne za ki sa wa ido. "Tu" ɗin tsakiya da sautin "c" na Hausa yake fita, irin na "ciki". "Nate" gajere ne, ba a jan sa. Sannan tsakanin "nat" da "li" babu wasali. Idan kin ji ya ce "na-ti-li", ya ƙara gaɓa ta shida, ki sa ya maimaita yana tafi har su dawo biyar.

Akwai na huɗu da ya shafe mu musamman. A Sakkwatanci, inda Bakano zai ce "fara" mu "hwara" muke cewa, kuma Hausa gaba ɗaya ta mayar da "photo" hoto. Don haka "for" na iya fita kamar "ho" a bakin yaronki. Maganin a bayyane yake: haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, sannan a hura iska. Ki ba shi madubi ya ga bakinsa. Ba a ce ya bar harshen iyayensa ba. Sauti ɗaya ne zai ƙara a kan waɗanda yake da su.

Inda ƙarfi ke faɗawa

Kin ga an rubuta FOO da manyan haruffa. Wannan shi ne abin da malaman Turanci ke kira "stress". A kowace doguwar kalmar Turanci akwai gaɓa ɗaya da ta fi sauran ƙarfi: muryar ta ɗan ɗaga, a ɗan ja ta, wasalinta ya fito sarai. Yawancin sauran gaɓoɓin kuma a sassauta su, a wuce da sauri.

Hausa ba haka take aiki ba. Mu da karin sauti da tsawon wasali muke bambanta ma'ana. Ki faɗi "wuya" na jiki, ki faɗi "wuya" ta wahala: haruffa ɗaya, amma a ɗaya murya ta sauka, a ɗaya ta hau. Ki faɗi "gari" da ake zama a ciki, da "gari" na tuwo: tsawon wasali ne ya raba su. Kunnen da ke jin wannan bambanci mai kaifi ne ƙwarai. Abin da ya rage shi ne a nuna masa abin da zai saurara a Turanci. Bahaushe yakan ba kowace gaɓa haƙƙinta cikakke, shi kuwa Bature ɗaya yake fifitawa. Shi ya sa sau da yawa za ki ji an ce un-for-tu-NATE-ly, an kai ƙarfin kusa da ƙarshe. A hira za a gane abin da ake nufi, amma a takardar WAEC maki ya tafi.

Ga ƙa'idar da za ta sauƙaƙa muku: a mafi yawan lokuta "un" da "ly" ba sa motsa ƙarfin daga inda yake. Ku hau tsanin tare:

FOR-tune
FOR-tu-nate
un-FOR-tu-nate
un-FOR-tu-nate-ly

Kalmar tana ta tsawo gaba da baya, amma ƙarfin yana nan a kan FOR. Haka "immediately", wato nan take: im-ME-di-ate ta zama im-ME-di-ate-ly. Haka "carefully", wato a tsanake: CARE, CARE-ful, CARE-ful-ly. Don haka idan yaro ya ga doguwar bayanau, ya cire "ly" tukuna, ya nemo ƙarfin abin da ya rage.

Akwai ɗafa-ƙeyar da su kuma suke janyo ƙarfi zuwa kusa da su. Biyu sun fi yawa a jarrabawa. Kalmar da ta ƙare da "ic", kusan kullum ƙarfin yana kan gaɓar da ke gabanta kai tsaye: e-CON-o-my, amma e-co-NOM-ic, daga nan e-co-NOM-i-cal-ly. Haka de-MOC-ra-cy, amma de-mo-CRAT-ic. Kalmar da ta ƙare da "tion" ma haka: e-du-CA-tion, in-for-MA-tion. Yaron da ya riƙe waɗannan biyu ya rage wa kansa canki-canka a tambayoyi da dama.

Wuraren da ake tuntuɓe

Na ɗaya, gaɓar da ake rubutawa amma ba a furtawa. "Automatically" a takarda gaɓa shida ce, a baki biyar: "cally" ɗin ƙarshe kamar "kli" yake fita. Haka "basically" da "economically". A rubutu kuwa dole a sa "al" ɗin, in ban da "publicly" da ta fita daban.

Na biyu, sauyin haruffa wajen liƙa "ly". "Happy" ta zama "happily", "y" ya koma "i". "Simple" ta zama "simply". "True" ta zama "truly", an jefar da "e". Amma "unfortunate" tana riƙe da nata "e", kuma mantawa da shi kuskure ne da ɗalibai ke yawan yi a rubutun insha'i. Idan sifa ta ƙare da "l", sai a samu guda biyu: "final" ta zama "finally", "careful" ta zama "carefully".

Na uku, ba duk mai "ly" ce bayanau ba. "Family" suna ne, "July" sunan wata ne, "supply" aikatau ne, "friendly" da "lovely" sifofi ne. Gwajin shi ne a cire "ly": idan abin da ya rage sifa ce, to galibi ana tare da bayanau.

Na huɗu, 'yan tsirarun da suka saɓa ƙa'ida. NEC-es-sar-y tana da ƙarfi a farko, amma a "necessarily" mutane da yawa a Ingila da Amurka suna kai shi kan gaɓa ta uku. Irin waɗannan sai an duba ƙamus.

Wayar da ke hannunki ta isa. Ƙamusun Oxford da Cambridge suna intanet kyauta, kowace kalma da alamar lasifika a gefenta, ɗaya na lafazin Ingila, ɗaya na Amurka. Ki fi danna na Ingila, shi ne makarantunmu suka gada. A rubutun furucin da ke kusa da kalmar za ki ga wani ɗan gajeren layi a sama, kamar waƙafi a tsaye. Gaɓar da ke biye da shi ita ce mai ƙarfi.

Minti goma bayan sallar isha'i

Kalma ɗaya a rana ta wadatar. Ki bar yaron ya zaɓo ta daga littafinsa, wadda ta fi ba shi tsoro. Ya rubuta ta da manyan haruffa a takarda ko a ƙasa da tsinke. Ya rufe goshi da ƙeya ya nemo saiwa, ya faɗa miki ma'anarta da Hausa. Ya tafa gaɓoɓin. Idan an yi gardama a kan adadinsu, ya sa bayan hannu a ƙarƙashin haɓarsa ya furta a hankali, ya ƙirga sau nawa haɓar ta sauka. Sannan ku saurari wayar sau biyu, ya sake tafawa, amma wannan karon ya buga ƙafa a kan gaɓa mai ƙarfi. A ƙarshe ya gina jimla da abin da ya sani, misali a kan ruwan sama da ya makara ko farashin albasa da ya faɗi a kasuwar Achida.

Idan ya yi kuskure kada ki yi masa dariya, kada kuma ki bari yayyensa su yi. Yaron da aka yi wa dariya a kan furuci yakan daina karatu da ƙarfi, wanda kuma ya daina, ba mai jin kuskurensa balle ya gyara. Idan ke ce ba ki iya Turancin ba, ki zama ɗaliba, shi ya zama malam. Ki ce ya koya miki. Babu abin da ke zaunar da karatu a kan yaro kamar ya koyar da shi. 'Yan mata kuma kada aikin gida ya cinye musu wannan minti goma; jarrabawar da za su zauna ɗaya ce da ta 'yan'uwansu maza.

Wannan yanki ba baƙon karatu ba ne. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a can ya rasu a 1837, ya bar littattafai masu yawa da Larabci. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata ke ɗaukar karatu su kai wa mata 'yan'uwansu a ƙauyuka. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Da Hausa da karatun allo ya fara, kamar yaronki, Turanci daga baya ya zo.

Ga aikin gida na wannan mako, ke da yaran: "unexpectedly", wato ba zato ba tsammani. Guda nawa aka haɗa aka gina ta? Gaɓoɓinta nawa? Wacce ce mai ƙarfi? Ki rubuto mana amsarku a ƙasa, tare da ajin yaron da kalmar da ta fi ba shi wuya a littafinsa, domin sauran iyaye mata su gwada da nasu. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani.